Dariyar da Na Yanke wa Kakata

Edita da masu karatu, ina yi muku sallama. Ina roƙo a ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya taɓa cin tuwon Juma'a a Pitowa zai gane ni tun kafin ya kai tsakiyar wasiƙar nan.

Shekaruna goma sha shida a lokacin, ina lise, wato babbar sakandare, a Garwa, kuma da a ce ana ba da takardar shaida a kan ƙarin gishiri, da tuni na gama makaranta na koma koyarwa. Ni ne yaron da in kare ya bi shi a lungu, kafin ya iso gida karen ya zama kura, washegari a aji kuma kuraye uku ne har da ɗansu. Na taɓa gaya wa 'yan ajinmu cewa wata dorina a kogin Binuwai ta gaishe ni da Fulatanci, kuma sai da aka samu wanda ya tambaye ni abin da na amsa mata. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya ba. A ganina labari kamar miya yake, in ka kawo shi yadda ya faru lami ne, babu mai ƙara loma. Malamanmu sun yi ta kora ta waje, amma na sha ganin kafaɗunsu na rawa idan sun juya ga allo. Wannan ya sa na taso da tabbacin cewa duk abin da ya sa mutane suka saurare ka, halal ne.

Babana yana sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwa, a shagon da ya gada, domin mu jikokin fataken Kano ne da suka zo suka ga ruwa da kifi suka ƙi komawa. Da aka ba da dogon hutu sai ya ce in zo shago in koyi auna yadi. Ni kuwa in na zauna wuri ɗaya na minti goma, ƙafafuna sukan fara shawara a tsakaninsu. Sai na gano mafita: akwai wata ƙungiyar matan unguwarmu da ke ciyar da iyalan da rikici ya koro daga can arewa suka zauna a bayan gari. Suna raba dawa da masara, suna dama kunun gyaɗa don yara. Shugabarsu tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce da ta yi ritaya, kowa Madam yake ce mata, mace ce da in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi shekaranjiya. Na je na ce mata zuciyata ce ta kawo ni. Baba bai iya hana ni aikin lada ba, ya dai ce Allah ya sa ladan ya fi surutun yawa.

Da Madam ta ga hannuna bai san muciya ba amma ya san waya, sai ta damƙa mini shafin ƙungiyar na Fesbuk. Ta kafa mini doka ɗaya: ba a ɗaukar hoton wanda ya zo karɓar abinci. Ta ce mutum ya riga ya sauke kansa da ya miƙo ƙwarya, ba za mu ƙara masa da rataye fuskarsa a kasuwar duniya ba. Don haka na yi makonni ina ɗaukar hoton buhuna. Buhu a tsaye, buhu a kwance, buhu daga gefen da ya fi kyau. Masu danna mana alamar so ba su wuce cikin mota ɗaya ba, kuma biyu daga cikinsu ni ne. Ga shi damina ta yi nisa, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, masu zuwa suna ƙaruwa, buhunan da nake ɗauka suna raguwa. Wata rana na ji Madam tana gaya wa matan cewa abin da ya rage a sito ba zai kai mako biyu ba, daga nan sai dai a fara zaɓen wanda za a mayar hannu wofi. Na kalli shafina, na ji kamar ni aka zaga.

A nan kakata ta shigo labarin, ba da saninta ba. Mahaifiyar babana ce, shi kaɗai ne ɗanta da ya rage a raye. Tana zaune a Pitowa, ɗan gari kusa da mu, a gidan da kakanmu ya bari, ta ƙi dawowa Garwa, wai garin da ake sayen ganyen yakuwa da kuɗi ba gari ba ne. Baba yana aika mata da komai duk wata, har ya yi yawa, ita kuma ta san inda take kai rarar. Tun kafin a haife ni, duk Juma'a takan ɗora wata ƙatuwar tukunya, maƙwabta su taya ta tuƙi, bayan an sauko daga masallaci duk mai so ya zo ya ci ko ya aiko da kwano: 'yan ƙwadagon gonakin auduga, direbobin tasha, tsofaffin da ba su da mai dafa musu. Wannan tukunya ita ce sarautarta. Siririyar mace ce kamar sillen kara, ko rago guda ta cinye ba za ka ga inda ya shiga ba. Tsakanina da ita kuwa wasan kaka da jika ne na gaske. Maigida take ce mini. Ban taɓa shiga gidan ta bar ni na zauna lafiya ba: ina cefane, ina zanen Salla, wace ce ta riƙe ni a birni, ita fa ta gaji za ta kai ƙara wajen alƙali. Ni kuma in ce na sake ta tun bara, takardar ce rashin rezo, wato netwok ɗin waya, ya hana ta isowa.

Wata Juma'a na je gaishe ta da la'asar, an riga an gama rabo, an wanke tukunyar an kife. Tana zaune a bakin murhun da ya mutu, cikin tsohon zanen girkinta da hayaƙi ya cinye. Tana ganina hannu wofi sai ta tashi wasan. Ta dafe ciki, ta langaɓar da kai, ta jawo tukunyar ta karkata ta tana nuna mini cikinta, wai in duba da idona, kwana uku ba a hura wuta a gidan nan ba, mijinta ya gudu birni ya bar ta tana lasar murfi. Har da shafa ƙasan tukunyar da yatsa ta kai baki. Na ciro waya ina ɗauka ina dariya, domin in nuna wa ƙannena. Ta yi kusan minti guda tana wannan, sai ta kasa riƙewa, ta fashe da dariyar da ta sa ɗankwalinta ya zame, haƙorinta na Makka ya fito yana walƙiya. Sannan ta miƙa hannu bayanta ta jawo kwanon da ta ɓoye mini, tuwon dawa da miyar yakuwa da kan kifi, ta ce ci, ragon miji, ai ko don kunyar maƙwabta ba ta bar ni da yunwa ba.

A cikin motar komowa, matse tsakanin wata mata da kajinta, na sake kallon bidiyon. Wallahi ban zauna na shirya mugunta ba. Na dai ga cewa in aka cire ƙarshen, abin da ya rage zai sa dutse kuka. Sai na ce bari in gwada in gani. Na yanke dariyar. Na yanke kwanon kifin. Na datse hoton daga wuya zuwa sama don kada a ga fuska, na gaya wa kaina cewa ai ban karya dokar Madam ba ke nan. Na kashe muryar na ɗora wani sauti mai sa tausayi. Ya rage hannaye biyu sirara, da tsohon zane, da tukunya wayam, da yatsa yana lakatar abin da babu. Sai aljanin nan nawa na ƙarin gishiri ya taso. Na rubuta da Faransanci da Hausa cewa wannan tsohuwa kwana uku ba ta ci ba. Na duba na ga bai ji gishiri ba, na ƙara cewa ganyen tafasa take dafawa da ruwa zalla. Na sake dubawa, na ƙara jimlar da har yau nake nadamarta: wai tana da ɗa mai shago a birni, yana cin kaza, ya manta da ita. Kafin mu hau gadar shiga Garwa na tura.

Washegari wayata ta yi zafin da za a iya soya ƙwai a bayanta. Daga Marwa, daga Yawunde, daga Duwala, har daga 'yan arewa mazauna Turai, kowa yana turawa gaba. Gudunmawa ta riƙa shigowa ta wayar ƙungiya har ma'ajiyarmu ta zaci wayar ce ta lalace. Cikin kwana huɗu sito ya cika, sai da aka ari ɗakin maƙwabci. Matan suka riƙa shi mini albarka, wata ta ce uwata ta haihu, wata ta ba ni ƙosai kyauta. Na riƙa tafiya a unguwa kamar wanda ya ci wa ƙasa ƙwallo. Madam kaɗai ce ba ta yi rawa ba. Ta kira ni gefe ta ce na taka dokarta ko da ban nuna fuska ba, amma za mu yi wannan maganar daga baya; yanzu abin da ya fi gaggawa shi ne in kai ta wajen matar, domin wadda ta kwana uku ba ta ci ba tana bukatar a duba ta kafin a cika mata ciki. Ta riga ta ɗauko jakarta ta asibiti. Na ce matar ta tafi gona. Madam ta tambaye ni wace irin mai yunwar kwana uku ce ke noma. Na ce gonar kusa take.

Sai na koma karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon. Rabi addu'a ce ga tsohuwar, rabi kuma tsinuwa ce ga ɗanta. An roƙa masa karayar arziki da harsuna huɗu. An roƙa wa shagonsa gobara. Wani ya ce Allah ya sa 'ya'yansa su yi masa abin da ya fi haka, ni kuwa na ce a raina ai sun riga sun fara. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da muke cin abincin rana, Baba ya ciro wayarsa mai fasasshen gilashi ya ce an turo wani abu a zauren Wasap na 'yan kasuwa da ya hana shi sukuni. Ya nuna mana hannayen mahaifiyarsa. Bai sa tabarau ba, kuma namiji ne, tukunya duk tukunya ce a wurinsa. Ya ce shi bai san yadda ƙasa ke ɗaukar irin wannan ɗa ba, da zai gan shi da ko hannu ba zai ba shi ba. Ya ce amin ga tsinuwar da ake yi masa da bakinsa. Sannan ya dafa kafaɗata, abin da bai saba ba, ya ce ashe surutuna zai yi rana, gobe in zo shago in ɗauki buhun shinkafa in kai wa baiwar Allah da hannuna.

Daga nan rayuwata ta zama gudu a cikin ɗaki. Kullum Madam da jakarta, kullum ni da sabon gari. Na ce matar ta koma Ngong wajen 'yar'uwarta. Madam ta ce tana da ƙawa a asibitin Ngong. Na ce ashe Figil aka ce, kunnena ne. Na kusa kai tsohuwar nan Cadi da bakina. Na so in goge bidiyon, amma ya riga ya haihu a wayoyin mutane. Na so in faɗi gaskiya, sai in tuna layin matan da ke zuwa da ƙwarya, in tuna cewa in aka ce ƙungiyar ta yi ƙarya, su za a fara hukuntawa. In na yi shiru kuma, kullum ana ƙona shagon Baba da baki. Ana cikin haka wata Hajiya 'yar kasuwa mazauniyar Duwala, wadda ta fi kowa bayarwa, ta aiko cewa za ta zo Garwa biki ranar Asabar ta sama, kuma ba za ta koma ba sai ta ga tsohuwar da idonta. Dabarar da ta zo mini ita ce in yi hayar tsohuwa. Na je bayan gari na samu wata siririya cikin masu karɓar hatsinmu, na tsuguna na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce abin da ake so kawai ta riƙe tukunya ta ce ita ce. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce da ni, cikin Fulatancin da ba nata ba, cewa ita ta baro gidanta da rumbunta biyu da kabarin mijinta, tata yunwar ta ishe ta, ba ta da wurin ajiye ta aro. Ta tambaye ni ko a gidanmu babu manya. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Duk wannan ina ta'azantar da kaina da abu ɗaya: babu fuska, babu wanda zai gane. Sai wani direban Pitowa da ya saba sayen shadda wajen Baba ya zo wucewa ta shago ranar da na je ɗaukar shinkafar. Baba ya yi masa tayin shayi, ya ƙi zama, ya ce daga tsaye cewa Alhaji ya riƙa tuna baya, uwa ɗaya ce. Baba ya bi shi da kallo ya ce ko mutumin nan ya fara shaye-shaye ne. Ni kuwa na shige bayan shago na buɗe bidiyon, na kalle shi da idon mutumin Pitowa. A gefen tukunyar, ƙasa da kunnen da aka yi wa walda, ga ɗigo uku na shuɗin fenti. Duk macen da ke ba da aron tukunya tana yi mata alama don kada ta ɓata a gidan biki, kuma babu suna ko aure ko sadakar bakwai da aka yi a unguwar cikin shekara talatin ba tare da tukunyar nan ta je ba. Na ɓoye fuskar da mutane suka sani, na bar musu abin da suka fi sani.

Ranar Juma'a na ɗora buhun Baba a mota na nufi Pitowa, ban san ma abin da zan yi da shi ba. Na isa bayan an sauko daga masallaci, lokacin da ƙofar gidan kan cika da kwanuka da hayaniya. Shiru. Na shiga na tarar da tukunyar cike, tuwon ya huce ya yi fata, ga miya ƙuda na zagaye ta. A jikin bango kuma an jera 'yan ƙullin kaya: garin dawa a leda, kuɓewa busasshiya, wani ma ƙwai biyu. Kaka tana zaune a kan tabarma ta haɗa hannaye. Ba ta tambaye ni cefane ba. Ta ce Juma'a biyu ke nan tana dafawa babu mai zuwa, makon jiya sai almuru ta sa aka kai tasha, can ma aka dawo mata da shi wai sun ƙoshi. Maƙwabtan da ke taya ta tuƙi sun ce ta huta haka, ta riƙa ci da kanta. Mutanen da ta ciyar shekara da shekaru su ne ke shigowa sumumu su ajiye ƙulli su fita, ba mai haɗa ido da ita, ba mai gaya mata dalili. Ashe sun yarda ne cewa duk shekarun nan bakinta take hanawa tana ba su, ɗanta kuma ya yar da ita, kunya ta hana su sake miƙo kwano. Ita ba ta san haka ba. Ta rage murya ta tambaye ni, tunda ni mai yawo ne ina jin maganar mutane, ko an ce an ga wani abu ne a abincinta, ko wani ya ci ya kwanta. Ta ce in gaya mata gaskiya, ko ana cewa ita mayya ce.

Na durƙusa na ba ta labarin, karo na farko a rayuwata da na ba da labari ban ƙara masa komai ba, domin babu wurin ƙari. Ta ce in nuna mata. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta ta kalli hannayenta har ƙarshe. Ta ce in sake. Da ya ƙare karo na biyu sai ta tambaye ni ina dariyar. Na ce na yanke. Ta tambayi abin da rubutun ke cewa, na karanta mata, da na zo kan ɗa mai shago na so in tsallake, ta ce in ƙarasa tunda ni na fara. Na zaci za ta yi kuka ko ta ɗauko muciya, kuma da na fi son muciyar. Ba ta yi ko ɗaya ba. Sannan ta tambaya ko abin da aka tara ya shiga cikin masu yunwar gaske, na ce ya shiga. Ta ce to alhamdu lillahi da wannan. Daga nan ta kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinta har na manta ta san shi, ta ce in je in nemo mota, gobe da safe za mu Garwa, ni da ita da tukunya.

Haka muka shiga harabar ƙungiya ranar Asabar: Kaka cikin leshinta na Salla da mayafi da turare, ni a baya ɗauke da tukunya a ka kamar wanda ake kaiwa kasuwa. Hajiyar Duwala tana nan, Madam tana nan, Baba ma an kira shi ya rufe shago ya zo yana tambaya ko lafiya. Kaka ta sa na sauke tukunyar a tsakiya, ta juya ɗigon ukun ya kalli jama'a, ta ce ita ce mai lasar murfi, ga kuma ɗan da aka ce ya yar da ita, wanda ko ciwon kai ta yi sai ya rufe shago. Sauran bayani mai gidan labari zai yi. Na yi. Na kunna musu bidiyon na asali da muryarsa. Da dariyarta ta tashi a wayar babu wanda ya taya ta. Baba bai dake ni ba, bai ma kalle ni ba, ya zauna a kan buhu yana kallon hannayen mahaifiyarsa. Hajiyar Duwala ta ce ita kwana biyu ta yi tana kuka a kan wasan kaka da jika, kuma ta sa ƙawayenta sun bayar da sunanta, yanzu da wane ido za ta kalle su. Madam ta cire tabarau, ta ce laifin nata ne da ta ga sito ya cika ta jinkirta tambaya. Ta ce a yau ɗin nan za a sa cikakken bidiyon a shafi, da bayani, da neman gafara, kuma duk wanda ya ce a mayar masa da abinsa za a mayar.

An sa. Gaskiyar ba ta yi tafiyar da ƙaryar ta yi ba, ko rabin hanya ba ta kai ba. Waɗanda ta isa gare su kuwa, wasu sun yi dariya, da yawa sun ce dama sun san duk ƙungiyoyin nan 'yan damfara ne. Madam, wadda ta yi shekara talatin tana aiki babu wanda ya taɓa cewa ta ɗauki allura, an kira ta ɓarauniya a ƙarƙashin hoton buhu. Wasu sun karɓi abinsu, wasu da suka saba bayarwa tun kafin in zo sun daina. Kafin sabon hatsi ya shigo sai da aka rage mudun kowane gida, kuma ni aka sa na riƙa aunawa, ina miƙa wa matar nan da na so in yi haya ragaggen rabonta. An karɓe shafin daga hannuna aka ba ni soso da toka. Baba ya yi wata guda yana aiko mini da saƙo ta bakin ƙannena alhali muna ɗaki ɗaya. Shi da kansa ya bi gidajen Pitowa yana bayani, mutumin da bai yi laifin komai ba, har yau kuma akwai masu cewa ai don an tona shi ne ya gyara.

Yanzu shekara biyu ke nan. Abin da na koya shi ne, ƙarin gishirin da nake yi a aji yana ƙarewa ne idan an tashi, domin masu saurare suna ganin fuskata sun san ni. A waya babu wanda ya san ka, abin da ka rubuta shi ne gaskiya, kuma in ya fita ba ya jin kira. 'Yan'uwana masu riƙe wa ƙungiyoyi shafi, na san yadda ake ji idan sito na ƙarewa kuma babu mai kallon hoton buhu. Duk da haka kada ku ari hawayen kowa, kada ku ɗauki mutum ba da izininsa ba ko da kun datse kansa, domin kowa yana da ɗigonsa uku da mutanensa za su gane. Masu yunwar gaske suna nan, su ne ke biyan bashin ƙaryarmu idan ta fashe. Ku kuma masu turawa gaba, ku ɗan tsaya kafin ku tsine wa wanda ba ku sani ba.

Tuwon Juma'a ya dawo, ko da yake kwanukan ba su kai na da ba. Ina zuwa duk mako, ni ke wanke tukunyar. Kaka ta ce ta yafe mini, kuma har yanzu tana ɓoye mini kan kifi. Makon jiya na shiga hannu wofi, na ga idonta ya yi ƙyallin nan da na sani, ta dafe ciki, ta buɗe baki ta ce, «Kai maigida…» Sai idonta ya sauka a kan aljihuna, inda wayar take. Ta sauke hannunta, ta gyara ɗankwali, ta tambaye ni ya hanya.